Kifin da Ke Ƙasan Bahar Rum

Radiya ba ta iya karatu da zuci ba. Tun tana makarantar allon kakanta a Kusfa, sai ta ɗaga murya abu yake zama mata, kuma jami'a ba ta raba ta da wannan hali ba. Ranar ma haka ta zauna a bakin rijiya bayan la'asar, tana bitar jarrabawar ilimin halittun ruwa, tana juya darasin da Hausa don ya shiga.

"Wannan kifi tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Yana zaune can ƙasan teku, inda rana ba ta kaiwa, ga sanyi ga duhu. Abincinsa 'yan ƙwarin ruwa, da duk abin da ya mutu a sama ya gangaro..."

Sai a nan ta ji tsintar shinkafa ta tsaya a bayanta. Kash! Ta manta shaf Iya na tsakar gida.

Tun bara aka yi wa yayanta Muntasir sallar gawa babu gawa. Jirgin ruwan da ya ɗauke su daga Libiya, shi da sauran masu ƙetara teku, ne ya nutse a Bahar Rum, ko kabarin da za a nuna babu. Shi ne ɗan fari, don haka Iya, saboda alkunya, ba ta taɓa kama sunansa ba yana raye, da ya mutu kuma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Mata suka yi ta yaba haƙurinta. Wane haƙuri! Matar daskarewa ta yi. Ta ci, ta yi salla, ta kwanta, ba ta taɓa tambayar kowa inda ɗanta yake kwance ba.

"Ci gaba mana," in ji Iya.

"Na gama, Iya."

"Ba ki gama ba. A tekun da yaron nan yake, akwai kifin?"

Tsoro ya kama Radiya. Ta san in ta ce babu, Iya za ta karɓa, ta koma shirunta. Amma bakinta ya ƙi.

"Akwai irinsa."

"Da yawa?"

"Da yawa, Iya. Garke-garke suke yawo."

"A duhun nan yaya suke gani?"

"Wasunsu Allah ya halicce su da 'yar fitila a ciki. Tana haske kaɗan-kaɗan."

Iya ta gyara faifan da ke cinyarta. Radiya ta jira tambayar da take gudu, ta abincin. Iya ba ta yi ta ba. Ai ta riga ta ji amsar da kunnenta.

"Kullum in na rufe ido, shi kaɗai nake gani a wurin," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Ashe akwai masu kai masa ziyara. Har da fitila."

Ta tsince wata tsakuwa daga shinkafar, ta yar.

"Sake daga farko. A hankali."