Jar Fata a Cikin Injin Fijo

Motar Alhaji Nata'ala baduku fijo ce ƙirar 504, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a shekarar 1975. Ya saye ta a zamanin da takalma da jakunkunan da yake ɗinkawa a kasuwar Kurmi suke tafiya har Agadas, ya kuma gina mata garejin ƙasa a jikin zauren gidansa da ke Madabo. Da ƙafarsa ta gaza taka kuloci sai ya lulluɓe ta da tamfol, ta zauna nan har Allah ya yi masa rasuwa.

A tsawon shekarun da motar ta yi a rufe, lungun ya sauya. Kowace damina maƙwabta kan zuba ƙasa da ɓaraguzan gini a ƙofar gidajensu don tare ruwa, har hanya ta ɗaga, daɓen garejin ya koma kamar rami. Gidan da ke fuskantarsa kuma ya matso da katangarsa, saboda haka babu motar ja da za ta shiga ta juya. Babu kuma inda majiya ƙarfi za su tsaya su tura, domin tsakanin jikin motar da bango ko mutum ɗaya sai ya karkace yake wucewa. Idan za ta fita, sai dai ta hau tudun da ƙarfin injinta.

Bana bangon garejin ya tsage, magina suka ce ba zai ga ƙarshen damina ba. Nazeer, autan marigayin, ya yi magana da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su zo ranar Asabar su yanka motar gunduwa-gunduwa kafin a rushe ginin. Yayarsa Maryam, malamar firamare da ke aure a Kabuga, ta ce ba za a yanka motar Baba tana raye ba. Suka daidaita a kan cewa idan motar ta fita da kanta kafin Asabar, ta zama tata.

Bakanike ya wanke injin, ya sauya mai da tayoyi. Amma da aka ɗora batir sai hayaƙi ya taso, warin ƙonanniyar roba ya cika garejin. Nan aikinsa ya ƙare, aka aika Ƙofar Ruwa aka kira Mailafiya, wanda ya tsufa a kan gyaran wayoyin mota.

Mailafiya ya zo ranar Alhamis da hantsi. Ya ɗaga bonet, ya kama waya ɗaya da yatsu biyu, sai robar da ke lulluɓe da ita ta ruguje kamar busasshen ganye, jan ƙarfe ya fito tsirara.

Ya ce wa Maryam, "Malama, zafin inji ya toya musu riga. Ga kuma haƙoran ɓeraye. An taɓa ajiye hatsi a nan?"

Nazeer ya ce, "Gero, buhu-buhu."

"To sun ci geron, sun yi sakace da waya. Dubi, ja da kore da rawaya duk sun koma launin ƙasa. Ban san wadda ta nufi fitila ba, ban san wadda ta nufi kwayil mai ba filogi wuta ba. Kuma cikakken ɗaurin wayar wannan mota ba a samunsa a kasuwa yanzu. Sai dai in bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya fara warware tsohon baƙin salatif ɗin da ya naɗe babban ɗaurin, yana bi har jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba. Can sai ya janye hannunsa da sauri, ya ja baya har keyarsa ta bugi bonet.

A ƙarƙashin salatif ɗin akwai wani abu mai tsawon kamu guda, na jar fata, an ɗinke shi tsaf. Duk wayoyin motar a cikinsa suke shiga, su fita ta ɗaya ƙarshen.

Mailafiya ya ce, "A'uzu billahi. Laya ce. Ni dai na gama."

Maryam ta ce, "Ka gama kamar yaya, Malam? Jibi Asabar."

"Malama, ni da wutar batir nake aiki, wadda in ta ja ni na san abin da ya ja ni. Abin da dattijo ya ɗinke ya ɓoye a cikin motarsa, ban san wa aka ɗaure a ciki ba. Ba zan yanka ba, ba zan soka masa allurar gwaji ba."

Nazeer ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, a wannan zamanin? Ai camfi ne."

"To bismilla, ga aska."

Nazeer ya dubi askar, ya dubi fatar, ya sa hannuwansa a aljihu. "Ni ai ba sana'ata ba ce."

Maryam ta karkace ta shiga tsakanin motar da bango, ta sunkuya da fitilar wayar hannunta. Tun tana ƙarama ita ke goga wa mahaifinta kakin zuma a zare, ta kuma ga layu da yawa da malamai suka kawo masa ya rufe. Ta bi ɗinkin da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Ta ce, "Ba laya ba ce. Laya Baba yakan rufe ta ta ko'ina, ya tura bakin zaren ciki da basilla, domin ba a yi ta don a sake buɗewa ba. Wannan dubi, ya bar wa zaren hanci a waje. Haka yake yi wa abin da yake so wani ya kwance wata rana."

Mailafiya ya ce, "In kin tabbata, hannunki ne, mahaifinki ne."

Ta yi bismilla ta ja hancin zaren. Ɗinkin ya warware daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da ya tsinke ba, fatar ta buɗe, ƙamshin kaki da bagaruwa ya taso a cikin warin tsohon man inji.

Babu takarda a ciki, babu rubutu. Wayoyi ne kwance a jere, kowace ɗaya an yi mata riga tata ta fatar akuya, wadda aka fere har ta yi laushi kamar ɓawon albasa, aka naɗe, aka shafe da kaki. Kowace riga da launinta: ja na karan dafi, rawaya na gangamau, baƙi na kuloko, da tsanwa. Inda wayar asali take da zane biyu, an ratsa fatar da siririn zare mai launi na biyu. Launukan nan ba su dushe ba, kamar jiya aka tsamo su daga rini.

Mailafiya ya matso a hankali, ya goge hannunsa a rigarsa kafin ya taɓa. Ya ɗaga bakin riga ɗaya da farce, jan ƙarfen da ke ciki yana ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu.

Ya ce, "Subhanallahi. Ɗaya bayan ɗaya ya yi musu. A nan, a sunkuye, inda hannuna da ƙyar yake shiga."

Sai Maryam ta tuna. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka ƙuntata shigo da kaya, kayan gyaran mota suka yi wuyar samu a Kano, wayar motar ta taɓa kamawa da wuta a hanyar Wudil. Ta tuna mahaifinta ya daina zuwa kasuwa na wani lokaci, kullum rabin jikinsa a cikin inji, faifan kayan aikinsa a kan batir. A gida an ɗauka tagumi yake yi wa motar. Irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita shekaru aru-aru, Turawa suna saye a tashoshin jiragen ruwan Maroko suna kiranta da sunan can, suna yi wa littattafai bango da ita. Shi kuwa ya yi wa waya riga da ita, ya rufe da salatif, bai gaya wa kowa ba.

Mailafiya bai ƙara maganar tafiya ba. Ya aika aka kawo masa sababbin wayoyi daidai da launukan da fatar ta nuna. Daga kowane ƙarshe na aikin marigayin ya yanke ruɓaɓɓiyar waya, ya fere bakin mai kyau, ya murɗa da sabuwa, ya narka dalma a kan mahaɗar, ya zura mata siririyar roba mai tsukewa in ta ji zafi. Ja ya bi ja har kwayil, rawaya ya bi rawaya har fitila. Bai taɓa abin da ke cikin fatar ba, domin ya gwada kowace waya da ƙwan fitilarsa bai sami ko ɗaya da take zubar da wuta ba.

Ya kammala ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ɗauko salatif zai naɗe wurin, sai ya tsaya.

"Malama, wannan ba ni zan rufe shi ba. Kina iya ɗinkin?"

"Ba kamar nasa ba."

"Ko rabin nasa ne."

Ta nemo basillar mahaifinta a ɗakinsa, ta bi tsofaffin hujojin da zaren nan nasa. Nazeer ne ya riƙe mata fitila.

Aka ɗora batir, babu hayaƙi. Mailafiya ya shiga ta taga don ƙofar ba ta buɗuwa sosai, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wata ƙara mai kauri da ta sa ƙasa ta riƙa zubowa daga tsagar bangon. Ya sa giya, motar ta yunƙura, ta ɗan koma baya, ta sake yunƙurawa, tayoyin gaba suka kama bakin tudun, ta hau, ta fito cikin hasken la'asar.

Nazeer ya koma gefe ya kira 'yan gwangwan ya ce kada su zo.

Motar ta tare lungun gaba ɗaya. Masu dawowa daga kasuwa suka taru ta gaba da ta baya, har da mai kurar ruwa, amma Mailafiya bai matsar da ita ba. Ya fito ya sake ɗaga bonet, injin yana aiki, ya tsaya yana kallon fatar tana ɗan rawa a jikin ƙarfe. Mai kurar ya ajiye kurarsa ya zo ya leƙa, ya tambaya mene ne wannan.

Mailafiya ya ce, "Matso ka gani da kyau, amma kada ka taɓa da wannan jiƙaƙƙen hannun naka."