Canjin Peso Biyu

Duk Manila babu wanda ƙarin kuɗin mota ya daka kamar Crisanto, kuma ba talauci ne ya jawo ba. Talauci ai duk muna da shi, ni da shi da rabin ajinmu, kowa da nasa kason. Shi abin da ya hana shi barci canji ne.

Tun shekararmu ta farko a kwaleji jifnin Manong Turing, irin doguwar motar hayar nan ta Manila, muke shiga daga Cubao zuwa Quiapo. Unguwarmu ɗaya da Crisanto, tun yana yawo da majina na san shi. Jifni kuwa ba ta da kwandasta. Benci biyu ne dogaye suna kallon juna, gwiwarka na gogar ta wani, in za ka biya sai ka miƙa wa na kusa da kai, shi ma ya miƙa gaba, hannu zuwa hannu har kuɗin ya isa wurin direba. Canji ma haka zai biyo layi ya dawo. Shi ya sa mai wayo can bakin ƙofa yake zama, don kada ya zama yaron motar kowa a banza.

Crisanto ma bakin ƙofa yake zama, amma ba wayo ne ya kai shi ba. Akwai wata yarinya 'yar wata kwalejin, mai koren siket, da kullum take zama ta biyu daga ƙofa. Ni kuma ina bencin da ke fuskantarsu, ina kallon ikon Allah.

Kuɗin ɗalibi peso takwas ne a lokacin. Uwarsa takan ba shi kwandala biyu ta goma-goma, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta dawowa. In ya miƙa goma sai ta sauka a tafin hannun yarinyar. In canjin peso biyu ya dawo, ita ce za ta zuba masa a nasa. Da safe haka, da yamma haka. To wannan ita ce soyayyar gaba ɗayanta, ko sunanta bai sani ba.

"Riza, kin lura?" in ji shi wata rana da muka sauka. "Yau yatsanta ya ɗan jima."

"Dalla rufe mana baki. Gumi ne ya manne kuɗin."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ka buɗe baki ka ce mata sannu, mutuwa za ka yi?"

Bai ce ba. Canjin ma ba ya kashewa, wata kwalbar man gyaɗa ya samu yake tarawa a ƙarƙashin gado. Sau nawa ina jin yunwa a bakin makaranta, ƙamshin ƙwallon kifi na tashi daga kaskon mai suya, in ce ya ranta mini, ya dafe aljihu kamar na ce ya ba ni ƙodarsa.

Sai ga takarda an manna a rufin mota, kusa da carbin da ke lilo a jikin madubi. Daga Litinin kuɗin ɗalibi ya koma goma cif. Motar ta ɗauki surutu. Wata tsohuwa mai kwandon kifi ta tsine wa gwamnati har jikokinta. Manong Turing ya ɗaga hannunsa mai takardun kuɗi a naɗe tsakanin yatsu ya ce, "Ni ma ba da fitsari nake tuƙa ta ba, ku je ku tambayi kuɗin dizal." Ni ina lissafin abincin rana da zan daina ci. Da na dubi Crisanto sai na ga fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

"Goma cif," ya ce a hankali. "Riza, babu canji ke nan."

Ƙungiyar ɗalibai ta kira zanga-zanga. Shugabanmu Wilfredo ya iso a motar ubansa mai sanyi, direba ya ajiye shi a bayan kwana don kada a gani, ya taka ɗan abin da ya rage yana share gumin da babu. Ya kama lasifika yana ta "mu talakawa". Mun yi ihu, mun sha rana, 'yan sanda sun tsaya suna cin soyayyar ayaba suna kallonmu. Amma duk taron babu wanda ya kai Crisanto zafi. Mutumin da ko a aji ba ya ɗaga hannu, ga shi a sahun gaba da kwali, jijiyar wuya a miƙe, yana cewa a mayar da takwas ko a mutu. Har Wilfredo ya rungume shi ya ce irinsa ƙasa take nema. Na yi dariya har na zauna a bakin kwata. Da aka tashi, duk muka hau jifni muka biya goma muka koma gida.

Abin dariyar ya ƙare ne da mai koren siket ta daina zuwa motar yamma. Da safe tana nan, da yamma wurinta sai wani ƙato mai warin tafarnuwa. Crisanto ya rame a tsaye.

"In ta daina zuwa da safen ma fa? Ina zan neme ta? Duk garin nan koren siket ne."

"To ka yi magana mana, shashasha! Bakinka na ado ne?"

Ni na tura shi, ban musa ba. Kullum sai na tura shi.

Ranar da abin ya faru an wayi gari da yayyafi, an saki labulen roba, motar ta zama tukunyar dambu. Crisanto ya miƙa gomarsa, ta wuce ta hannunta babu ko waiwaye. Sai ita ma ta miƙa nata, a dunƙule, da sauri. Kuɗin ya bi hannaye ya tafi. Manong Turing, wanda yake iya tuƙi da ƙirga kuɗi da zagin mai babur a lokaci guda, ya girgiza su a tafinsa ya ɗaga ido ga madubi.

"Na wane ne takwas ɗin nan? Saura biyu."

A jifni kowa ya san ta hannun da kuɗi ya biyo, don haka idanu suka fara komawa baya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda canji yake dawowa. Yarinyar ta buɗe jaka tana lalube, irin laluben da mu duka mun san babu komai a ƙarshensa. Kunnuwanta sun yi ja.

"Ina jira fa," in ji Manong. "Takarda ga ta nan a sama, ba da yaren China aka rubuta ba."

Na zungure ƙafar Crisanto da takalmina. Ya zaro kwandalarsa ta dawowa, ya ɗora a tafinta, ya daka wata tsawa da duk motar ta zabura.

"Manong! Ga cikon nata!"

"To, ba kurma ba ne ni," in ji Manong.

Tsohuwa mai kifi ta ce, "Oho, ashe da mai ita." Aka kwashe da dariya. Yarinyar ta tsaya da kuɗin a hannu kamar za ta mayar, sai kuma ta miƙa gaba. Can sai ga canji yana tahowa, kuma don mugunta Manong ya zaɓo 'yan peso ɗai-ɗai har takwas. Da suka iso gare ta ba ta zube masa su ba. Ta kama hannunsa ta buɗe, ta riƙa ajiyewa ɗaya bayan ɗaya. Na zaci zai suma.

"Takwas ba za ta kai ka gida ba," ta ce.

"A'a, ina da... akwai wasu a..."

"Ƙarya kake. Goma da safe, goma da yamma. Duk abin da ke aljihunka ta hannuna yake wucewa, ni za ka gaya wa?" Ta rufe masa yatsu a kan kuɗin. "Ni tun da aka yi ƙarin da ƙafa nake komawa. Da nisa, amma akwai inuwa ta gefen kasuwa. In an tashi ka jira ni a bakin cocin Quiapo. Sunana Luningning."

Ta ƙwanƙwasa ƙarfen rufi, mota ta tsaya, ta tsallake gwiwarsa ta sauka.

Da yamma ni kaɗai na hau. Washegari ma haka. Na ce a raina kwana biyu zai yi ƙafa ta kumbura ya dawo, amma ina. Ranar Asabar sai ga shi a ƙofar gidanmu, ya yi baƙi, takalmi ya cinye, yana washe baki. Ya miƙo mini kwalbar man gyaɗar nan, cike har wuya.

"Riƙe, ki dinga cika kuɗin mota."

"Kai! Dukiyar taka? Ba ita ce ko taɓawa ba a yi ba?"

"Me zan yi da su yanzu?" ya ce. "Ai na samu hannun gaba ɗaya."

Na ce masa sakarai, na ce Allah ya ƙara nisan hanya, ya tafi yana dariya. Da na rufe ƙofa sai na ji zafin abin, kuma zafi ne na gaske, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina zaune a bencin da ke fuskantarsa, bai taɓa lura cewa ni ma kullum wuri ɗaya nake zama ba.

Kwalbar ta kai rabi yanzu. Kowace yamma nakan ɗebi biyu in cika, in zauna a bakin ƙofa, in miƙa wa ƙaton nan mai warin tafarnuwa.