Ƙanshin Banda a Gaɓar Kanada

A shekarar 1996 luzin, wato masana'antar da Mai Moussa ya yi wa aiki a Saint-Fons, kusa da Lyon, ya rage ma'aikata, aka sallami dattawan cikinsu tun lokacin hutunsu na tsufa bai kai ba. Bai yi gardama da kowa ba. Ya kwashe takalman aikinsa da butar alwalarsa, ya hau bas ya koma gida. Matarsa Hawwa ta riga ta rasu, 'yarsu tilo Saadatou kuma tana Paris tana binciken tsuntsayen teku. Sai rayuwarsa ta koma daga masallaci sai bakin taga, yana kallon hayaƙin luzin yana tashi ba da shi ba.

Wata Asabar da hantsi Saadatou ta sauka daga jirgin ƙasa ba tare da ta yi waya ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta leƙa tukunya ta ga shinkafar shekaranjiya, sannan ta dafa shayi.

"Baba, za mu tafi Kanada da damina," in ji ta, da Hausarta ta 'yar Lyon mai cakuɗe da Faransanci. "Gaɓar yamma, inda babu hanya sai ruwa. Cikin bato za mu zauna, jirgin ruwa irin mai tafiya da iska. Abokin aikinmu ɗaya ya karye a ƙafa, wurinsa ya zama ba kowa. Na ce da su ubana ɗan masunci ne."

"Wa ya aike ki?"

"Ba gaskiya ba ne?"

"Gaskiya ne, amma ni da ruwa mun daɗe da rabuwa. Me zan je yi? Kallon tsuntsu?"

"Da tsuntsu da abin da ya fi tsuntsu. Allez, Baba. Tun rasuwar Inna ba ka je ko'ina ba."

Ya ce a'a ranar, ya ce a'a washegari. Da ta zo tafiya ya raka ta gar, tashar jirgin ƙasa, jirgi na shirin tashi ya tambaye ta ko ana sanyi sosai a can. Ta yi dariya ta ce za ta kama masa wurin.

A Paris ya sauka gidan Soumaïla, tsohon abokinsa Badamagare mai tuƙa taksi, a Porte de la Chapelle. Soumaïla ne ya kai shi Barbès neman kayan ruwa. A ƙarƙashin gadar metro suka samo rigar leda ruwan ɗorawa mai hula, da takalman roba har gwiwa. Mai Moussa ya gwada su a kan jabbarsa, Soumaïla ya riƙe ciki.

"Mutanen kirki in sun huta Makka suke zuwa, kai kuma ka nufi daji wurin namun da ba a ci."

"Makka na je tun kana bin 'yan mata a Zinder," in ji Mai Moussa. "Bari in ga sauran duniyar Allah."

Jirgin ruwan da suka tarar a Kanada bai kai girman da ya zata ba. Dogon itace ne a tsakiyarsa, da manyan ƙyallaye farare da ake ja da igiya su kama iska. Mai jirgin wani tsohon Bafaranshe ne, Yvon, ɗan Bretagne da ya yi zamansa a Kanada, gemunsa fari, maganarsa kaɗan. Sai abokan aikin Saadatou biyu da ba sa rabuwa da madubin hangen nesa.

Kwanakin farko ɗan masunci ya sha kunya. Teku ba tafki ba ne. Jirgi ya hau ya gangara, cikinsa ya juya, ya kwanta a ɗan gadonsa kamar buhun gero, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Saadatou na kawo masa busasshen burodi tana neman gafara da ido.

"Kada ki gaya wa Soumaïla," ya ce mata.

Salla ma ta zo da nata. Da ya tambayi alƙibla, Yvon ya duba taswira ya nuna masa kusan arewa. Mai Moussa ya ce bai taɓa jin inda ake fuskantar arewa a yi salla ba. Yvon ya ɗauko lemu ya zana masa hanya a bayansa da farce, ta bisa kan duniya. Ya karɓa, amma ko da ya kabbara, jirgin na lilo a kan ƙugiyarsa, ya yi sallama yana fuskantar wani dutse dabam. Ya ce Allah ya ga niyya.

Da suka shiga tsakanin tsibirai ruwan ya kwanta, cikinsa ma ya kwanta. Ya fito sama da rigarsa ruwan ɗorawa, ya tsaya yana kallon gaɓa. Itatuwa ne tun daga bakin ruwa har cikin gajimare, dogaye, baƙaƙe don tsananin kore, gansakuka ta lulluɓe rassansu tana reto kamar gemun tsoho. Ruwan sama na sauka siriri ba ya ɗaukewa. Ta kowane tsagin dutse ƙorama na zubowa cikin teku, ba mai tara ko kwano ɗaya.

"Duk wannan ruwan," ya ce, "ba mai gona a nan?"

"Babu, Baba."

Ya girgiza kai.

Wata safiya iska ta mutu, ƙyallayen suka yi laƙwas, Yvon ya ƙi tada inji. Suna zaune shiru sai suka ji wani huci mai ƙarfi a gefensu, kamar an buɗe bututun tururi a luzin. Baƙin baya ya taso daga ruwa, ya fi jirginsu tsawo, ya fesa hazo sama, warin ruɓaɓɓen kifi ya bugi hancinsu. Balen ce, babbar dabbar teku, in ji Saadatou a hankali, uwa da ɗanta. Ɗan ya bi gefen uwar yana gogar ta. Suka yi numfashi, suka sake, sannan uwar ta ɗaga wutsiya mai faɗin ƙofar masallaci ta nutse ba ko ƙara. Mai Moussa ya tarar yana tasbihi da ƙarfi, hannunsa riƙe da kafaɗar 'yarsa.

Bayan nan ya daina zama a ƙasa. Ya koyi jan igiya, ya koyi riƙe sitiyarin jirgi in Yvon na shan kofi. Ya ga karnukan ruwa kwance rigingine suna fasa katantanwa a ƙirjinsu, ya ga gaggafa masu farin kai jere a reshe kamar alƙalai. A bakin wani kogi suka shiga ƙaramin kwalekwalen roba suka laɓe, wata baƙar dabba mai gashi da Faransawa ke ce wa urs ta fito daga daji, jibgegiya kamar ɗan maraƙi, ta shiga ruwa har ƙirji ta maro kifi da hannu ɗaya. Ta zauna ta ci tsakiyarsa ta yar da saura ga tsuntsaye.

"Wannan ba ta san yunwa ba," ya raɗa wa Saadatou. "Ubana da ya gan ta da ya yi mata faɗa."

Shi ne karo na farko da ta ji ya ambaci ubansa ba a cikin addu'a ba.

Ruwan shansu ya yi ƙasa, Yvon ya kai su wani ɗan ƙauye na mutanen asalin ƙasar, gidajen katako a jere bakin gaɓa. Tun ba su ɗaure jirgi ba Mai Moussa ya ɗaga hanci. Yana taka katakon tashar ya bi ƙanshin kamar wanda aka kira da suna, Saadatou na biye da shi. A bayan wani gida suka tarar da rumfar katako tana fitar da hayaƙi ta kowace kafa, wata tsohuwa zaune a gabanta tana tsaga jajayen kifaye tana ratayawa a sanda.

Ya yi mata sallama da Faransanci, ta amsa da Turanci, ba wanda ya ji wani. Ya tsuguna yana kallon hannunta. Can ya nuna wuƙa ya nuna kansa. Tsohuwar ta dube shi daga hula har takalmi, ta miƙa masa. Ya tsaga kifin ta baya, yadda ake yi a gida. Ta yi tsaki, ta karɓe, ta nuna masa yadda suke yi su, da sirara-siraran yanka a jikin naman. Ya sake gwadawa, ya ɓata ɗaya, na biyun ta gyaɗa kai. Haka suka zauna har yamma, hayaƙi na sa su hawaye, Saadatou na fassara abin da ya samu fassaruwa. Da za su tafi tsohuwar ta naɗe masa kifi busasshe a takarda ta cusa masa a aljihu.

Ba su koma jirgi nan da nan ba. Suka zauna a kan wani gungume da teku ya jefo, ya gutsuri kifin ya ba ta.

"Banda ke nan," ya ce. "Namu ya fi wannan baƙi, tarwaɗa ce da ƙarfasa, amma ƙanshin ɗaya ne. Kakarki haka take wuni a N'Guigmi. Zanenta, gashinta, har tuwon da ta tuƙa, duk wannan ƙanshin."

Sai maganar ta ɓalle masa. Ya gaya mata lokacin da tafkin Chadi ke zuwa har gindin garin, yara na faɗawa ruwa daga bakin kasuwa. Ya gaya mata jiragen ciyawa na Buduma, mutanen tafkin, da tsibiran da ke yawo da iska, yau suna nan gobe sun ƙaura da tsuntsayensu. Ya gaya mata ranar da dorina ta taso ƙarƙashin jirginsu ta kifar da shi da wansa Abdou, ubansu ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya ta wuyan riga, ya tabbatar suna numfashi, sannan ya zauna yana dariya har da hawaye don Abdou bai saki gasasshiyar masarar da ke hannunsa ba.

"Daga baya ruwan ya fara ja da baya. Kowace shekara sai mu bi shi. Da na koma gida bayan na fara aiki a Faransa, na tarar da jirgin ubana kife a kan rairayi, awaki na kwana a inuwarsa. Ruwa kuwa sai an yi tafiyar raƙumi."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Abin da ba ya nan, yaya za a nuna wa yaro? Ke a Lyon aka haife ki. Na ga kin kama tsuntsayen ruwa da kanki, na ce to, jini ba ya ɓata hanya."

Ta jingina kanta a kafaɗarsa, ledar rigar na ƙara. Ruwan sama ya dawo, ba su tashi ba sai da Yvon ya busa musu ƙaho.

Bayan sun dawo Paris aka wanke hotunan, irin waɗanda ake haskawa a bango. Soumaïla ya tara 'yan Nijar na unguwa ranar Lahadi bayan azahar, aka ja labule, aka rataya farin zanen gado. Saadatou na danna na'ura, Mai Moussa na tsaye gefe da sanda kamar mushen lakwal, malamin makaranta. Da wutsiyar balen ta cika zanen, ɗakin ya ɗauki salati. Wani dattijo, Malam Youssouf, ya ce lalle irin wannan ne ya haɗiye Annabi Yunusa.

"Malam, na ga bakinta da idona," in ji Mai Moussa. "Mutum zai shiga da tabarmarsa, har ya yi baƙo."

Aka yi dariya. Soumaïla ya tambaya ko ana cin urs, aka shiga gardamar halal da haram har shayi ya huce. Mai Moussa ya fiddo ragowar kifin tsohuwar, aka gutsura kowa ya ɗanɗana. Masu tsufan cikinsu suka yi ta taunawa a hankali, sannan wani ɗan Diffa ya fara ba da labarin kasuwar kifi ta garinsu, wani ya karɓe, hotuna suka tsaya a kan wani dutse mai hazo ba wanda ya ce a wuce.

A hanyar Gare de Lyon, cikin metro, ya tambaye ta yaushe za su sake fita.

"Baɗi, in Allah ya kai mu. Kudancin Chili. An ce ya fi can sanyi."

"Ki tambaya ko akwai wuri."

Ta tambaya, amma baɗin babu wanda ya karye, wuri bai samu ba. Shekarar da ta biyo kuma gwiwoyinsa suka fara ciwo, likita ya hana shi doguwar tafiya. Mai Moussa bai sake hawa teku ba. Sai dai duk lokacin da Saadatou za ta dawo daga wata gaɓa, yakan hau jirgin ƙasa tun daga Lyon ya je ya tarye ta a filin jirgin sama. Kafin ta gama gaishe shi ya karɓe jakarta, ya ce, "To, faɗa mini, me kika gani?"