Ƙwallaye Masu Ɗigo Uku

Ranar Litinin ake rufe filin golf, ranar ce kuma ma'aikata da tsofaffin ma'aikata ke da izinin buga nasu wasan. Sifana bai taɓa damuwa da wannan izini ba. Shi aikinsa gyaran injinan yankan ciyawa ne, a wani ɗaki mai rufin kwano da ke bayan rami na bakwai, kusa da tafki. Wanda ya damu da Litinin shi ne Kawunsa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaukar wa 'yan wasa jaka kafin gwiwa ta zaunar da shi.

Duk Alhamis masu share tafkin sukan tsamo ƙwallayen da suka faɗa ruwa, su zube su cikin bokiti a ƙofar Sifana. Duk Alhamis kuma Kawu yakan zo ya zauna a kan tsohuwar taya yana zaɓe. Sai ya saki ƙwallo a kan siminti ya karkata kunne. Wanda ya yi ƙara ƙas, aljihu. Wanda ya yi tuf, bokiti.

"Wannan na masu koyo ne," yakan ce. "Ni mai tauri nake nema. Duk manyan da na ɗauka wa jaka, da mai tauri suke bugu."

Daga nan sai ya tsoma tsinke a gwangwanin jan fenti, ya ɗiga wa kowane ƙwallo ɗigo uku.

Abin da ya fara ɗaure wa Sifana kai shi ne, masu ɗigo ukun nan ba sa ɓata. Kawu zai tafi da su Alhamis, su dawo cikin bokiti wata Alhamis ɗin. Da ya tambayi masu shara inda suke samunsu, sai suka ce kullum wuri ɗaya ne, dab da waccan gaɓar, saura taku huɗu ko biyar su fita.

Wata Alhamis Kawu ya tsinci nasa har shida a bokiti ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu.

"Litinin mai zuwa in ban tsallake ruwan nan ba, na daina," ya ce. "Sandunan bugun ma ka yanka ka yi ƙotar tsintsiya."

"Haba Kawu, ƙarfe ne fa. Sai su yi wa masu shara nauyi."

Kawu bai yi dariya ba. Sifana kuwa ya san cewa tun rasuwar matar Kawu, Litinin da Alhamis ne kaɗai ke fitar da tsohon daga ɗaki.

Bayan tafiyarsa Sifana ya ɗauki ƙwallo mai ɗigo ya sa a ƙarfen matsewa da ke jikin teburinsa, ya murɗa hannun. Da ƙyar ya lotsa. Ya sa wanda Kawu ya ƙi, sai ga shi ya lotsa ba gardama, da ya saki kuma ya koma yadda yake. Ya ɗauko zarto ya raba su biyu-biyu. Cikin mai taurin hawa-hawa ne, launi huɗu, mai laushin kuwa dunƙulen roba ne ɗaya da ɓawo. Ya zauna yana jujjuya su har shayinsa ya huce.

Washegari ya tare matar da ke koyar da wasa, ya nuna mata ɓarin ƙwallayen.

"Malama, don Allah wanne ya fi nisa?"

"A hannun wa?" ta ce. "Ai idan sanda ta daki ƙwallo, lotsawa yake yi kafin ya tashi. Akwai ma lambar da ake auna taurin da ita. Wannan zai kai ɗari, wannan bai fi sittin ba. Mai bugu da ƙarfi, mai tauri ne nasa. Wanda bugunsa ya yi sanyi, bambancin nisan ba wani mai yawa ba ne, 'yan taku ne."

"Taku biyar muke nema."

Ta yi dariya. "Kawunka ne ko? To ni ba ƙwallon nake kallo ba. Ka kalli hannunsa."

Ranar Asabar Sifana ya kai wa Kawu magani gida, ya tarar da shi a tsakar gida yana buga ƙwallo cikin tsohon bargo da ya rataya a igiyar shanya. Ya tsaya ya kalli hannun. Sandar na saukowa da kyau, amma gab da ta taɓa ƙwallon sai Kawu ya ɗan sassauta, kamar mai shirin taɓa tukunya mai zafi. Bayan kowane bugu kuma sai ya yarfe yatsunsa ya cusa su a hammata.

"Zafi yake yi?"

"Wa ya ce maka?"

Sifana ya ajiye maganin ya fita. A hanyar komawa ya yi tunanin ɗiga wa mai laushi jan fenti ya sa a jakar Kawu a ɓoye, amma zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba. Mutumin da ya riƙe shi tun yana rarrafe, ba za a yi masa wayo irin na yara ba.

Litinin da hantsi ya ajiye aiki ya bi Kawu zuwa rami na bakwai. Ya ciro ƙwallaye biyu, ya riga ya goge rubutun jikinsu da sanfefa, takardar nan mai kaushi.

"Kawu, ɗaya mai tauri ne, ɗaya mai laushi. Ba siminti a nan. Ka buga su ka gaya mini wanne ne wanne. Ni so nake in sani ko gaskiya ne hannu na ganewa."

"Kai da ko sanda ba ka iya riƙewa ba, za ka yi mini jarrabawa?"

Amma ya karɓa. Na farko ya yi ƙas, ya tashi, ya faɗa inda 'yan'uwansa suka saba. Kawu ya yarfe hannu. Na biyu ya yi tuf, ya karkace dama, shi ma ya faɗa ruwa.

Kawu bai yarfe hannu ba. Ya tsaya yana kallon tafinsa, yana buɗe yatsun yana rufewa.

"Akwai wani irin na biyun?"

Akwai, har uku a aljihun Sifana. Wannan karon Kawu ya gyara tsayuwa, ya sako sandar gaba ɗaya bai sassauta ba, har ƙugunsa ya juya. Ƙwallon ya tashi sama, ya yi kamar zai sauka a ruwa, ya dira a kan gaɓa, ya gangara cikin ciyawa taku biyu ko uku.

Suka tsaya suna kallonsa, fari fat a cikin kore.

"Ba daɗin ji," Kawu ya ce. "Kamar ka mari katifa."

"Amma ya tsallake."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni."

Ya saɓa jakarsa ya bi ta kan gada a hankali saboda gwiwa. Da ya kai tsakiya sai ya waiwayo.

"Ranar Alhamis ka ware mini masu tuf ɗin. Kuma in da mutane a wurin, kar ka sake su a kan siminti."

"To fentin fa, Kawu?"

"Ɗigo uku, kamar kullum."