Tafin Gwajin Sauti

Ni Labbo, abin da kamara ta yi mini ko maƙiyi bai taɓa yi mini ba.

Rugarmu tana bayan Tajaye. Da masu wani proje, wato shirin raya karkara, suka kira taro a Illela kan burtalin da shanunmu ke bi zuwa tafki, ni Baffa Jaje ya aika. Yayan mahaifina ne, shi ne babbanmu. Ya ce, "Kai ke da baki. Ka faɗa musu in suka toshe hanyar nan, ƙishirwa za ta gama da mu."

Kafin a fara, mai ɗaukar bidiyo, wani Sufyan daga Konni, ya ce kowa ya yi tafi, zai gwada sauti. Muka yi. Ya ce a ƙara, a saki fuska. To ni mi na sani? Na washe baki na dinga tafi kamar a gidan biki.

Da aka zo kaina, na miƙe na amayar da duk abin da ke cikina, har muryata ta dushe. Babu wanda ya tafa mini, ni ma ban nema ba.

Ba a jima ba bidiyon ya shigo wayoyi. Jawabina babu shi, ko tarina ba a ji ba. Sai ga shugaban proje yana cewa an amince a mayar da burtalin gonakin albasa, sai ga fuskata ta cika waya, ina tafi ina murna. Innalillahi!

Na hau kabu-kabu sai Konni. Na iske Sufyan a shagonsa, ko kunya babu, wai ma karatu zai yi mini.

Ya ce, "Malam Labbo, aikin nan ya koya mini hankali. In ka jira tafin gaske, mutane sun gaji ko sun fita salla. Shi ya sa nake ɗauka tun farko, in liƙa inda ake so. Naka ma ya fi na kowa kyau."

"Jawabina fa?"

"Iska ta ɓata sautin, kuma ka yi tsawo."

"Ba ni shi haka nan da iskar, in kai wa Baffa."

"Ai na goge. Katin kamarar ya cika, ga aikin wata walima yana jirana."

Na ɗaga sanda, na tuna da jandarma, na sauke. Baƙin ciki kamar ya kashe ni.

A gida na yi bayani, na rantse, na sake rantsewa. Baffa ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Gwajin sauti ban san shi ba, Labbo. Hannuwan nan na sani. Ni na koya musu tatsa."

Da aka kafa shinge a burtalin, dangi suka shirya yin kudu neman ruwa. Babu wanda ya gaya mini ranar tashi. Na dawo daga kasuwar Illela na iske toka da turaku, matata zaune a kan kayanmu, shanuna su kaɗai suna kuka.