Tafin da Suka Yi wa Gwaggo

Gwaggo ta zame daga kan kujera, hannunta dafe da ƙirji, ajin kuwa ya kaure da tafi.

"Bravo!" in ji Malam, har da miƙewa tsaye. "Kun gani ko? Haka nake so!"

Darasin ranar ke nan, zuwa wurin likita. Mu huɗu ne a ajin Faransancin da ke saman shagon mai taya, kowa da abin da ya koro shi. Direba takardar shaida yake nema ya fita ƙasar waje. 'Yar Jami'a jarrabawa ce ta kayar da ita. Ni yarana ne suka ishe ni da aikin makarantar da ban san kansa ba. Ta huɗunmu Gwaggo ce, mai wanki da guga, wadda katanga kaɗai ta raba gidanta da nawa tun ina amarya. Malam ya sa wa Direba farar riga ya zama likita, Gwaggo kuma aka ce ta zama marar lafiya.

"Wayyo, 'yar nan," ta ce tana kallona daga ƙasa. "Ƙirjina."

Malam ya kaɗa 'yar ƙararrawar da yake kaɗawa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa. Dokarsa ce, daga an shiga ɗakin nan an bar Hausa a bakin ƙofa tare da takalma.

"En français, Gwaggo! Da Faransanci za ki gaya wa likita!"

Direba ya durƙusa yana dariya, ya kanga mata murfin biro a ƙirji wai abin awo ne. 'Yar Jami'a ta ɗaga waya tana ɗauka.

Ni dai ban yi tafi ba. Matar nan ba ta iya wasan kwaikwayo ba. Makon da ya wuce aka ce ta fito a wadda ta ɓata hanya, ta ce ita ba ta ɓata ba, ta san inda take sarai. Ga shi yanzu ɗankwalinta ya faɗi, furfura a waje gaban maza biyu, ko hannu ba ta kai ba.

"Malam, ba wasa take ba!"

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Ni ya kaɗa wa.

Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunsa na maka da bango ba. "Uwarka ce a kwance za ka tsaya kaɗa mini ƙarfe? Buɗe ƙofar nan!"

Ƙofar a kulle take, don Malam ba ya son 'yan latti. Ya laluba aljihun riga, ya laluba na wando, ya zazzage jaka, katunan kalmomi suka watse a ƙasa. Ashe makullin yana ƙarƙashin littafinsa. Direba ya saɓa ta a kafaɗa da farar rigarsa ta ƙarya, muka gangara matattakalar nan mai ƙunci, ƙafarta tana bugun bango. A ƙasa mai taya ya ga farar riga ya ce, "Alhamdu lillahi, da likita ma a kusa."

"Buɗe mini mota, dalla!" in ji Direba. "Wane likita!"

A asibiti suka karɓe ta, suka rufe mana ƙofa. Da likitar gaske ta fito, tambaya ɗaya ta yi: me ya sa ba a kawo ta da wuri ba? Na juya na kalli Malam da ya biyo mu a tasi. Ya sunkuyar da kai yana gyara madaurin agogo.

Bari in gaya muku abin da ya kai tsohuwa mai ciwon gwiwa hawa bene sau uku a mako. Ɗa ɗaya gare ta, sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa take ce masa Babana. Ya tafi karatu ƙasar da ake Faransanci, ya yi aure can, aka haifa masa 'ya mace. Yarinyar ta kai shekara shida ba ta jin ko "zo" da Hausa. In an kira a waya, sai dai Gwaggo ta yi ta ɗaga hannu tana washe baki, yarinya ta yi surutunta ta gudu. Babana ya ce in tana son zuwa ta zauna da su sai ta ci jarrabawar harshe. Ita kuwa ba jirgin ne ya dame ta ba. "Ni dai in tambaye ta ta ci abinci, ta ba ni amsa in gane," haka take ce mini tana guga, katin kalmomi a jingine da kwalbar ruwan yayyafi.

Washegari da safe ta farfaɗo, robar iska a hanci. Abin da ta fara cewa shi ne, "Kira mini Babana. Ya ba ni yarinyar."

Na kira. Sai a karo na uku ya ɗauka, kuma bai kunna hoto ba.

"Anti, yaya jikin nata? Me likita ta ce?"

"Zuciya ce. Ga ta nan, jikarta take so."

"Ai tana makaranta yanzu."

"Yau Asabar."

"Akwai darasin ninƙaya. Anti, jarrabawar fa? Za ta iya zama ranar Laraba kuwa? Don in ta wuce sai wata shekarar."

Na fita baranda don kada ta ji abin da zan faɗa. "Kai, ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi kai wankin otal. Ba jarrabawa na kira ka ka tambaye ni ba. Matar nan ta haddace abin da za ta faɗa wa 'yarka, ka ba ta minti biyu!"

"Zan kira da yamma, wallahi."

Da na koma ta kafe ni da ido. Na ce yarinya ta je ninƙaya. Ta ce, "Ruwa? Allah ya tsare. To zo ki zama ita, in gwada."

Na ja kujera na zama jikarta. Ta gaishe ni da Faransancinta mai kaurin Hausa, ta ce ita ce kakata, ta tambaye ni na ci abinci. Na amsa da ɗan abin da na iya. Ta gane. Ta yi murmushi har robar hancin ta goce.

"Kin ji? Ban yi tuntuɓe ba."

"Ko kaɗan, Gwaggo."

"Ke ma ki dage. Har yanzu kina yin Faransancin nan kamar mai kurkure baki."

Da la'asar Malam ya zo da ledar lemo, 'Yar Jami'a a bayansa tana raɓe-raɓe. Ya tsaya a ƙafar gado ya ce, cikin muryar nan tasa ta aji, ba shi da laifi a ce ya ɗauka wasa ne, domin tsarin koyarwarsa ya ginu ne a kan ɗalibi ya manta yana aji.

"Ai kuwa ta manta," na ce. "Saura kaɗan ta manta tana duniya."

"Maman yara, a yi haƙuri. Ni ma ban runtsa ba."

"Hoton fa?" Na juya kan 'Yar Jami'a. "Wanda kika ɗauka kina ƙyaƙyata dariya?"

Ta fara kuka. Ta riga ta tura wa ƙawayenta tun muna kan matattakala, da rubutu a ƙasa wai kakar ajinsu ta fi 'yan fim. Na ɗaga hannu, Allah ya sani da na sauke mata shi, sai Gwaggo ta riƙe mini gefen zane.

"Bar ta. Malam, in ce dai na faɗi kalmar ciwo daidai kafin in faɗi?"

Malam ya dube ta. Ya gyaɗa kai kawai, ya fita da ledar lemonsa a hannu, ya manta bai ajiye ba.

Yamma ta yi, Babana bai kira ba. Na kira, waya a kashe. Na tura saƙon murya, na yi roƙo, na yi zagi, na dawo na yi roƙo. Lahadi da hantsi ya turo layi ɗaya: yarinya tana da mura, kada ta ga kakarta da robobi ta tsorata.

Na karanta mata rabin farko kawai.

"Mura? A shafa mata man zafi a ƙirji. Ki gaya masa." Ta ɗan huta. "Jingina mini wayar a nan, inda zan gan ta in ta yi haske."

Na jingina ta da kofin ruwa. Tana kallon baƙin gilashin, leɓenta yana motsi, tana bitar gaisuwarta. Na fita neman ma'aikaciyar jinya don ruwan da ake ƙara mata ya ƙare. Kafin mu dawo tare, Gwaggo ta cika, fuskarta a juye wajen wayar.

Ban yi kuka a wurin ba. Haushi ya toshe hanyar hawayen. Na ɗauki wayar na kira shi, wannan karon bugu ɗaya ya ɗauka, kamar mai jira.

"Ta rasu," na ce. "Sai ka gaya wa yarinyar ta fito daga ruwa."

Ya fashe da kuka, ya ce zai nemi jirgi, ya ce aiki, ya ce takardu. Na kashe.

Mu maƙwabta muka yi mata komai. Direba ne ya ɗauki gawar a motarsa, bai yarda kowa ya taɓa sitiyarin ba. Na buɗe ɗakin gugarta na rarraba wa masu kaya kayansu, wasu a goge a ninke, wasu ko jiƙa su ba ta kai ga yi ba. Wani mutum ya tsaya yana tambayata wa zai ƙarasa masa rigunansa. Na watsa masa su a ƙirji.

Rana ta uku, da azahar, muna zaune a tsakar gidanta mu mata, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofa. Na ɗauka shi ne, na miƙe na ɗaure zane da kyau, don na tanadar masa magana.

Wata doguwar mace ce ta shigo, baƙuwa, da ƙatuwar jaka mai taya, idanunta sun yi ja don gajiyar tafiya. Ba ta yi sallama ba, da alama ba ta san yadda ake yi ba. Ta dubi tabarmi, ta dubi matan da suka yi tsit, ta yi magana da Faransanci da sauri. Duk aka juyo ana kallona, wai ni 'yar aji.

Na ce ta maimaita a hankali. Ta maimaita, tana nuna mini hoton Babana a wayarta. Na tsinci kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kuma na so a ce ban gane ba. Mijinta take nema. Wata huɗu ke nan da ya bar su, ya ce ya taho gida jinyar mahaifiyarsa, tun daga nan ba ta sake ganinsa ba.

"Me ta ce?" in ji matar mai taya. "Ke, me ta ce?"

Sai ga wata 'yar yarinya ta leƙo daga bayan jakar, da kitso biyu da goshin Gwaggo sak. Ta ga takalma jere a bakin tabarma, ta tsuguna ta cire nata, ta ajiye su a ƙarshen layi. Sannan ta miƙe tana bin fuskokin tsofaffin matan da kallo, ɗaya bayan ɗaya.