Motar Baba Magagi

Warin roba mai ƙonewa ne ya fito da ni daga gida. Na tarar da Baba Magagi tsaye a zaurensa riƙe da igiyar wuta, bakinta ya narke ya yi baƙi, matarsa Inna Balkisu tana korar hayaƙi da faifai. Wutar layinmu duka ta ɗauke, har mai injin niƙa ya leƙo yana ƙunƙuni.

"Hamani, taho ka gani," ya ce da ni. "Tun da nike tuƙi ban taɓa ganin mota mai cin gida ba sai wagga."

Magagi tsohon direba ne. A hannunsa na koyi tuƙi, zamanin da yake jan babbar mota tsakanin Filinge da Yamai, kafin in koma sayar da hatsi a kasuwa in gina gida jikin nasa. Da ƙafafunsa suka fara kumburi sai ya ajiye aiki. Ɗansa Ibrah, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Lome, shi ya aiko masa da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya fara, mai aiki da batir, ba fetur ba gazuwal. Ya ce ba ta wahal da ƙafa. A bayan tirela aka kawo ta. Magagi ya zagaya kasuwa da ita, ya kai har bakin asibiti ya dawo, ɗan cajin da ta zo da shi ya ƙare a ƙofar gida.

Abu ɗaya yake so da ita. Yana da yaya, Inna Hasana, a ƙauyensu can cikin Kurfai, idanunta sun kusa rufewa, kuma sun daɗe ba su ga juna ba. Ya ce shi da kansa zai tuƙa ya ɗauko ta.

Yakubu mai gyaran lantarki ya duba ɓarnar, ya ce wayoyin gidan na ƙwan fitila ne da fanka, mota tana son waya mai kauri da babbar mita. Na raka Magagi ofishin masu wuta. Aka ce mu dawo. Muka dawo, aka ce mitocin ba su iso daga Yamai ba. Ko da sun iso ma, wutar garin sai ta leƙo da hantsi ta gudu kafin azahar. Na ba shi shawarar mu ari janareta. Ya harare ni, ya ce ba zai sayi fetur ya ciyar da motar da ba ta shan fetur ba.

Sai Ibrah ya aiko da farantan hasken rana. Rufin soron bai iya ɗaukarsu, dole muka kafa musu rumfa a tsakar gida, muka sare rassan dogon yaron da Inna Balkisu take tsefe kai a ƙarƙashinsa. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. Akwatin da ke juya wutar rana zuwa ta gida ya yi ƙanƙanta, da an jona motar sai ya yi tsuwa ya mutu. Kafin babba ya iso, damina ta sauka, gajimare ya rufe gari.

Duk da haka batir ya fara hawa, kaɗan-kaɗan. Sai dai unguwa ta gano cewa gidan Magagi ne kaɗai ba a ɗauke wuta. Wannan ya kawo waya, wancan tocila, wata ta kawo firijin da take sa ruwan sayarwa. Na yi faɗa, na ce a bar motar ta cika tukuna. Magagi ya ce ba zai kori maƙwabci saboda ƙarfe ba. Da la'asar sai a ɗora masa kujera kusa da ƙofar motar, ya zauna yana duban layukan da ke nuna caji, yana tsaki. Kumburin kuwa ya haura har ciki. Likita ya ce zuciya ce.

Wata safiya Inna Balkisu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na same shi jingine da matasai, numfashi yana fita da ƙyar. Ya tambaye ni ina cajin ya kai. Na ce ya wuce rabi da kaɗan.

"Tahi ka ɗauko min Yaya," ya ce, ya tura mini makulli a kan tabarma.

Na ce bari in nemi wata mota a tasha. Amma ranar motocin duk sun tafi cin kasuwa, babura kuma an hana su shiga daji saboda tsaro. Ya ce ko da akwai, da motarsa yake so a ɗauko ta.

Tafiya ta yi kyau. Ba ƙara, sai tsakuwa a ƙarƙashin taya. Na isa kafin rana ta take. Amma Inna Hasana ta ƙi tashi hannu rabbana. Sai da aka tatso nono, aka ƙulla mata kuka da ɗan wake, ta bar wa maƙwabciya amanar awakinta. Ina tsaye a rana, ba halin in yi wa tsohuwa gaggawa.

A komowa, rana ta busar da rairayin kwari ya yi laushi, motar tana nitsewa tana fita, layukan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na rage gudu, na bi gefen gonaki. Muna hango dogon ƙarfen tarho na Filinge motar ta yi sanyi, ta gangara kaɗan, ta tsaya.

"Mun iso?" in ji Inna Hasana. Da yake motar ba ta da ƙara, ba ta san ta mutu ba.

Wani Bafulatani mai suna Manu ya ɗauke mu a amalankensa. Muna cikin tafiyar shanu wayata ta yi ƙara. Yakubu ne. Na ce to, na ce Allah ya jiƙansa a hankali, na mayar da wayar aljihu. Inna Hasana ta juyo da fuskarta wajena.

"Bar ɓoyo, ɗana. Na jiya."

Ta rungume ƙwaryar nonon kada ya zube.

Liman ya jira mu, bisa roƙon Inna Balkisu. An riga an yi masa wanka an sa likkafani. Aka buɗe mata fuskarsa, ta bi ta da yatsu tun daga goshi har gemu, ta ce ashe ya yi furfura haka. Daga nan maza suka ɗauka. Da yamma Ibrah ya kira yana kuka, ya tambaye ni ko motar ta yi wa babansa amfani. Na ce ta ɗauko Inna Hasana.

Bayan sadakar uku ni da Manu muka koma da shanu biyu da igiya. Motar tana nan inda na bar ta, gero ya fara tsawo a gefenta. Wata tunkiya ta shiga inuwar ƙarƙashinta ta haihu, ɗan ragon yana ta ƙoƙarin tsayuwa da ƙafafunsa yana faɗuwa. Manu ya ajiye igiyar a ƙasa. Muka tsuguna muna jira ya tashi.